Mutum Takwas a Kan Sa Ɗaya

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula, ai na ji abin da ka ce lokacin da nake shigowa, ni ba kurma ba ce. Ka ce sabar layi goma ce, waya ma za ta rubuta maka ita kafin shayinka ya huce. Gaskiyarka, layi goma ce. Ni ma zan rubuta maka ita a allon nan ido rufe: ta buɗe ƙofa, ta saurara, wani ya turo saƙo, ta amsa masa. Da mutum ɗaya ne a duniya da mun gama, kowa ya koma gida ya ci tuwonsa. Wahalar sana'ar nan tana farawa ne ranar da mutum biyu suka zo tare, kuma ni tunda nake a unguwar nan ta Nima ban taɓa ganin wurin da mutum ya je shi kaɗai ba.

Waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rabi, a unguwa Anti Rabi mai kwamfuta. A Maamobi aka haife ni. Babana daga Nijar ya zo fataucin albasa, ya ga uwata, ya manta hanyar gida. Aikina rubuta sabar, wato manhajar da ke zaune cikin wata na'ura tana jiran mutane su ƙwanƙwasa ta waya ko ta kwamfuta, ta biya musu buƙata. Da yaren kwamfuta na Python nake yi tun kafin ya zama abin yayi, kuma shekaruna a wannan aiki sun fi na wasunku a duniya.

Aikina na farko a wani kafe ne na intanet a Kotobabi, wurin Masta Ofori. Buga takardu aka ɗauke ni yi, amma ya lura idan babu kwastoma ina leƙen abin da yake rubutawa a baƙin allo, sai wata rana ya turo min kujera da ƙafa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya yabo. In ka yi daidai ya ce "hmm", in ka yi kuskure ya ce "hmm" ɗin nan dai, kai za ka gane wanne ne. Ya ba ni aikin sabar da za ta riƙa lura da lokacin kowace kwamfuta a kafen. Na rubuta, na gwada da kwamfuta ɗaya, ta yi aiki sumul, har ina jin kaina. Ranar Asabar kafe ya cika. Akwai wata kwamfuta a bakin taga wadda ɓera ya ɗanɗana wayarta. Ta ƙwanƙwasa wa sabar, sabar ta ce na'am, ita kuma ta yi shiru. Sabar ta tsaya jiranta, sauran kwamfutocin duka suka tsaya jiran sabar. Samari suka hau bugun tebur, wani yana rantsuwa budurwarsa ta Jamus za ta rabu da shi. Masta ya tashi ya zare wayar nan ta bakin taga, komai ya dawo.

Washegari da safe ya ce in raka shi cin waakye, wato shinkafa da wake, wurin uwata, a bakin babban titin Nima. Muka tsaya gefe. Ya ce, "Rabi, ka duba maman ka da kyau," don shi Hausarsa ta Zongo ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Na duba. Wani ya ce a zuba masa, ta zuba, ya shiga laluben aljihu. Ba ta tsaya kallon aljihunsa ba, ta juya ga na biyu. Na biyu yana shawarar kifi ko ƙwai, ta bar shi da shawararsa ta ɗaure wa na uku nasa a ganye. Mace ɗaya, ludayi ɗaya, mutane dafifi, kuma babu wanda ya ji an manta da shi. Masta ya ce, "Haka za ka rubuta." Ya cinye waakyensa ya wuce.

Hanyoyin biyu ne, ku riƙe. Ko ka yi irin ta uwata, mai hidima ɗaya wanda ba ya taɓa tsayawa jiran kowa. Ko ka ɗauki masu hidima da yawa, kowane kwastoma da nasa, su ne muke kira zare. Zare yana da daɗin rubutawa, shi ya sa duk sabon hannu da shi yake farawa. Amma a Python ko zare ɗari ka ɗauka, ludayin nan ɗaya suke karɓa-karɓa, kuma ba kai ke zaɓar lokacin da zai bar hannun wannan ya koma na wancan ba. Yana iya barin hannu ana tsakiyar zubi.

Kayan aiki kuwa, kada ku ga ɗakin nan mai sanyi ku ɗauka haka muka taso. Kayana sun kasance tsohuwar kwamfutar cinya wadda madanninta biyu suka fice, filayar matse kan waya, batirin mota, da fanka ƙarama wadda na'ura ke sha ni ina gumi. Shekarar da dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, ya yi tsanani, wuta ta zama baƙuwa a Nima, ta zo ba sallama ta tafi ba sallama. A nan na koyi cewa sabar da ta mutu tsakiyar aiki dole idan ta farka ta san inda ta tsaya, ba ta tashi tana mutsitsika ido tana tambaya ina muke ba. Kwastomomi suka watse. Mai kantin magani ya koma biro da takarda, masu motocin haya suka ce in bari sai duniya ta gyaru. Masta Ofori ya rufe kafe ya koma garinsu noman koko, ya bar min filayarsa. Na kama wani lungu a shagon wata mai ɗinki a Maamobi, ni da batirina, keken ɗinki yana ƙara a kunnena wuni guda. A shekarar ce Alhaji Bawa ya aiko a kira ni, ana saura kwanaki kaɗan babbar Sallah.

Alhaji Bawa dillalin shanu ne, daga arewa ake sauko masa da su. Abin da aka fi saninsa da shi a Zongo shi ne haɗin layya. Wanda ƙarfinsa bai kai rago ba sai ya shiga kaso a sa, mutum bakwai sa ɗaya. Malamanmu sun sha bamban a kan wannan, wasu sun ce a'a, wasu sun ce ya halatta har bakwai. Amma babu malamin da ya taɓa cewa takwas. In suka zama takwas, layyar kowa a cikinsu ta tashi, nama kawai aka ci. Da can a kansa Alhaji yake riƙe wa da wa, jama'a su cika masa ƙofar gida ana ture-ture. Sai ɗansa Nasiru, da ya gama karatun kwamfuta, ya rubuta masa sabar. Ka danna lamba a wayarka, ko da mai tocila ce, saƙo ya dawo maka cewa ka samu gurbi a sa kaza. Aka sanar a masallaci cewa da an sallame Juma'a za a buɗe. Shanun ba su da yawa a shekarar, kafin la'asar gurabe sun ƙare ƙaf.

Ranar da aka je ganin shanu, mutum takwas suka tsaya a kan wani jan sa, kowa ya ɗaga wayarsa da saƙo iri ɗaya.

Na sami Alhaji a zaure, fuskar nan kamar an yi masa rasuwa. Ya ce, "'Yata, shekara da shekaru ina wannan abu da kaina, ban taɓa haɗa wa mutane haram ba. Yau injin ya haɗa min. Ki duba min."

Na zauna da Nasiru muka buɗe aikinsa. Ku ji da kyau, yaron nan hannunsa da tsabta, ya fi nawa a shekarunsa nesa ba kusa ba. Da zare ya yi. Kowane saƙo ya shigo, zarensa zai duba mutum nawa ne a kan san, in ba su kai bakwai ba ya rubuta sunan, ya tura albishir. Ka karanta daga sama har ƙasa ba ka ga inda takwas za ta shigo ba. Muka gwada da wayarsa, muka gwada da tawa, muka ari ta mai shayi, duk sanda aka kai bakwai sai ta ce an cika. Nasiru har ya fara cewa ko wani ne ya yi musu kutse. Abin da ya fi cin rai a sana'ar nan ke nan, ciwon da ba ya tashi idan likita yana nan. Na ce masa mu bar na'ura haka, a kira min mutum biyun da suka shiga ƙarshe.

Suka zo tare, dattawa biyu. Baba Isaka tsohon maigadi ne, ya yi shekaru yana gadin wani sito, idonsa ya fara rufewa, ga tari da ba ya barinsa. Malam Seidu tela ne a Alajo, gajere mai yawan dariya. Tun suna samari suka sauka a gida ɗaya, har yau a kwano ɗaya suke cin abinci, matansu ma sun gaji da magana sun ƙyale su. Babu wanda ya taɓa yin layya da sunansa a cikinsu. Shekarar nan suka ɗaura niyya za su yi, kuma a sa ɗaya.

Na ce, "Baba, wa ya fara dannawa a cikinku?"

Malam Seidu ya ce, "Ei, Anti, babu wanda ya fara. Shi ba ya ganin rubutun waya, ni na karɓi tasa. Na shirya tawa, na shirya tasa, saura dannawa ta ƙarshe. Na ce in na fara tawa na riga yayana, ba ladabi. In na fara tasa kuma zai ce na mai da shi yaro ina masa alfarma. Sai na riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, na yi bismillah, na danna su tare."

Ya nuna min da manyan yatsunsa biyu yadda ya yi. Wallahi sai da na dafe kai. Na kalli Nasiru, na ga shi ma ya gano, bakinsa a buɗe. Gurbi ɗaya ya rage a kan jan san nan, su ba su sani ba. Ga jama'ar masallaci guda sun danno, na'ura ta yi nauyi, kowane zare yana jan ƙafa. Zaren Baba Isaka ya duba ya ga shida. Kafin ya rubuta, aiki ya koma hannun zaren Malam Seidu, shi ma ya duba ya ga shida. Wannan ya rubuta, wancan ya rubuta, kowa ya tura albishir, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tsakanin dubawa da rubutawa akwai ɗan tsagi wanda ko gashi ba zai shiga ba, kuma ladabin dattawan nan ne ya bi ta cikinsa.

Alhaji ya saurari bayanin har ƙarshe, ya ce, "Na ji. To yanzu ki tambayi injin, wa ya riga? Wanda ya riga shi ne na bakwai, magana ta ƙare."

Na ce, "Alhaji, injin bai sani ba. Daƙiƙa ɗaya ce a kan saƙon biyu. Kowannensu shida ya tarar, kowannensu na bakwai ne."

Ya matso ya rage murya. "'Yata, ki faɗi suna ɗaya kawai. In daga bakinki ya fito za su yarda, babu wanda zai ji an zalunce shi."

Na gane nufinsa, kuma ba mugun nufi ba ne. Amma na ce masa ya yi haƙuri, ba zan ɗora wa na'ura maganar da ba ta yi ba, balle a kan ibadar mutane. Ya ja carbinsa, ransa bai so ba. Sai ya juya ga dattawan ya ce to a yi ƙuri'a. Malam Seidu ya ce babu buƙata, shi ya janye, yayansa ya shiga. Baba Isaka ya ce Allah ya kiyaye, shi ne ya janye, Seidu mai ƙananan jikoki ne. Wannan ya ce ka shiga, wancan ya ce kai dai ka shiga, aka yi ta yi har aka kira azahar. Sauran mutum shidan babu wanda ya ce zai fita, kuma ban ga laifinsu ba, kowa iyalinsa na jira. Alhaji ya ce to ga ragonsa na gida, ɗayansu ya ɗauka kyauta.

Baba Isaka ya gama tarinsa ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma ba nama muke nema ba. Tare muka ɗaura niyya. Tunda san nan ba zai ɗauke mu tare ba, a cire mu tare. Shida ai ya halatta, ko?"

Haka aka yi. Da muka fito Malam Seidu ya ja ni gefe, dariyar nan tasa babu ita. Ya ce, "Anti, kin ji tarin nan. Mutumin nan ba lallai ya ga wata Sallar ba, kuma ni na jawo masa da yatsuna." Na ce masa ba yatsunsa ba ne, aikinmu ne mu masu rubutu mu san cewa mutane suna zuwa tare. Amma maganar ta tsaya min a rai, na yi Sallar nan nama ba ya min daɗi.

Bayan Sallah Nasiru ya zo lunguna da kwamfutarsa, ya ce zai bar sana'ar ya koma bin shanu. Na ce zauna nan, ja'iri, wa ka gani ya koyi tuƙi bai taɓa shiga kwata ba? Muka sake gina sabar nan tare, a hankali, tsakanin wasu ƙananan ayyuka da ke ciyar da mu. Abu na farko kwaɗo. Duk zaren da zai taɓa lissafin sa, sai ya karɓi kwaɗo ya kulle, ya duba, ya rubuta, sannan ya buɗe wa na baya. Da jin haka za ku ce sauƙi, ko? To in ka riƙe kwaɗon kana tura saƙo, sabis ya yi nauyi, duk Zongo ta tsaya jiranka. In ka sa kwaɗo biyu, wannan ya riƙe ɗaya yana jiran ɗaya, wancan ma haka, sun tsaya ke nan har tashin ƙiyama. In wuta ta ɗauke zare yana riƙe da kwaɗo, wa zai buɗe? Kowanne cikin waɗannan sai da ya cije mu kafin muka san haƙoransa. Muka rubuta wata 'yar manhaja wadda aikinta kawai ta yi kamar ita ce masallaci guda an sallame, ta danno wa sabar gaba ɗaya. Tana cikin dannowa in miƙa ƙafa in fizge wayar wuta, mai ɗinki tana salati tana cewa zan ƙona mata shago.

Abu na biyu, muka ƙara zaɓi wanda da babu shi: mu biyu. Ka sa lambarka da ta abokinka, ko ku samu tare a sa ɗaya, ko ku rasa tare, babu rabi. In gurbi ɗaya ya rage a wannan san, a wuce da ku na gaba. Na ɗauka mun gama, sai Nasiru ya ce, "Anti, kin san fa Malam Seidu zai sake danna wayoyin nan biyu tare. Kowace za ta nemi gurbi biyu, su zama huɗu." Na ce kai, Allah ya yi maka albarka! Ni da furfurata ban hango ba. Muka gyara yadda in buƙata ɗaya ta zo ta baki biyu, sau ɗaya za a ɗauke ta. Tun ranar na san yaron nan ba zai bi shanu ba.

Da Sallah ta sake matsowa, Baba Isaka yana nan da rai, sai dai idon ya tafi gaba ɗaya, ƙafa ma sai da sanda da kafaɗar Seidu. Alhaji ya aika musu cewa kada su wahalar da kansu, zai sa a ajiye musu gurbi biyu tun kafin a buɗe. Baba Isaka ya aiko da amsa cewa ya gode, amma shi duk rayuwarsa a bakin ƙofa ya yi ta, bai taɓa barin wani ya tsallake layi ba, ba zai fara da kansa ba ranar ibada. Na ji haushin tsohon nan ba kaɗan ba. Na ce wa Nasiru wannan taurin kai ne, shanun bana ma ba su fi na bara yawa ba. Amma maganarsa ce, dole muka bar ta.

Ranar Juma'ar da za a buɗe ina lunguna, maza duk sun tafi masallaci, titi ya yi tsit, ko hon ɗin trotro, motocin hayarmu, babu. Na duba batiri, na juya wa na'ura fanka, na zauna ina kallon baƙin allo babu abin da ke motsi. Ta lasifika na ji liman ya yi sallama ta farko, ya yi ta biyu. Ban gama shafa addu'a ba allo ya fara gudu. Sa na farko ya cika, bakwai cif, ya rufe. Na biyu ya cika. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, batiri ya karɓa, sabar ko tari ba ta yi ba. Ni duk ba wannan nake kallo ba. Lambobin dattawan nan na san ƙarshensu, su nake nema, kuma babu su.

Shanu suna ta cika ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗinki ta bar kekenta ta zo ta tsaya a kaina tana tambaya sun shiga? Na ce ki bar ni, Hajiya, don Allah. Na kira wayar Nasiru, yana harabar masallaci, hayaniya ta cika. Na ce, "Ina suke?" Ya ce, "Anti, ga su can, Baba Isaka nafila yake yi a zaune, Malam Seidu ya ce ba zai danna ba sai ya idar." Na ce inna lillahi, yau nafilar nan za ta kashe ni. Hannuna yana kan madanni. Layi ɗaya zan rubuta in riƙe musu gurbi, babu wanda zai taɓa sani. Na janye hannun na zauna a kansa, da gaske nake faɗa muku, a kan hannuna na zauna.

Aka shiga sa na ƙarshe. Ɗaya, biyu, can uku, huɗu. Sai ga su, saƙo biyu a jere, daƙiƙa ɗaya, na dama da na hagu. Sabar ta kulle, ta duba, ta rubuta suna biyu, ta buɗe. Ta kalli saƙo na biyun ta gane shi ne dai na farkon, ta ƙyale shi. Wani bawan Allah ya cike na bakwai, aka rufe. Na yi wata guɗa da ban san ina da ita ba, har masu kanti suka leƙo suna tambaya wa ya haihu.

Ran Sallah da hantsi Nasiru ya zo ya ce Alhaji yana kira na wurin yanka. Ni ba mai son ganin jini ba ce, amma na yafa mayafi na bi shi. Wani fili ne bayan gidaje, an ɗaure shanu, mahauta suna wasa wuƙa, yara ko'ina. An kawo Baba Isaka a kujerar roba, sanye da farar riga sabuwa wadda Malam Seidu ya ɗinka musu iri ɗaya. Da aka zo kan sansu, wani baƙi mai babban tozo, Alhaji da kansa ya kira sunaye bakwai da ƙarfi, yana lanƙwasa yatsa, ya tsaya a bakwai ya dubi jama'a. Malam Seidu ya kama hannun abokinsa ya ɗora a wuyan san. Tsohon ya shafa, ya shafa, leɓɓansa suna motsi, hawaye suna bin gemunsa. Layyarsa ta farko ke nan a duniya, kuma Allah ya ba shi ya ƙara wasu a bayanta.

Da aka gama aka ce masa ga Anti mai kwamfuta. Ya juyo da fuska inda ya ji muryata, ya ce, "'Yata, zo nan. Tambaya ɗaya zan miki, kuma ki faɗa min gaskiya. Bana wa ya riga, ni ko Seidu?"

Na durƙusa na ce, "Baba, babu wanda ya riga. Tare ta rubuta ku."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Seidu yana bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Madalla. Seidu, a yanko mata tozo."